Rawa Don Lafiyar Zuciya: Jagora Ga Matan Farin Dutse Da Kewaye

Daga Farin Dutse zuwa Gwaram, daga Sara zuwa Birnin Kudu, nasihar da ma'aikatan lafiya ke yi wa mace mai hawan jini ko ciwon sukari ba ta wuce uku: ki rage gishiri da zaƙi, ki sha maganinki a kan lokaci, ki riƙa motsa jiki. Biyun farko kowa ya san yadda ake yin su. Na ukun ne ke barin mace da katin asibiti a hannu tana tunanin ta ina za ta fara. Ba za ta fita titi tana sassarfa ba, ɗakin motsa jiki irin na manyan birane kuwa ba a ma zancensa.

Iyayenmu mata ba su san wannan damuwa ba, domin aikin gida ya ɗauke musu ita. Sussuka da surfe da daka, niƙa a kan dutse, jan guga, tafiya kasuwa da ƙafa. Yanzu injin niƙa ya karɓi turmi a gidaje da yawa, famfo ya rage jan guga, babur ya cinye tafiyar ƙafa. Duk wannan sauƙi ne da muke gode wa Allah a kansa. Amma mace mai saƙar hula ko ɗinki ko ƙulla kayan miya sai ta wuni zaune a kan kujera 'yar tsuguno, zuciyarta ba ta taɓa yin aikin da zai ƙara mata ƙarfi ba.

Aikina koyar da mata kiwon lafiya, kuma rawa ita ce motsa jikin da na ga ya fi zama a hannunsu, saboda ana yin ta a tsakar gida, ba ta cin kuɗi, kuma jiki ya riga ya san ta tun ana 'yan mata a dandali. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora shi ne kurakuran masu farawa iri ɗaya ne ko'ina. Mace ta ɗauka rawar lafiya ita ce rawar biki, ta saka kiɗa mai zafi, ta zuba ƙarfinta duka a rana ɗaya a kan siminti ba takalmi, washegari gwiwa ta kumbura, shi ke nan ta ce abin bai karɓe ta ba. Rawar biki minti biyu ce ko uku ta nuna gwaninta, a yi liƙi a koma a zauna. Wadda ke gina zuciya da huhu kuwa matsakaiciya ce mai ɗorewa, ma'auninta numfashinki.

Na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ba hurumina ba ne in yanke hukunci. Abin da nake bayani a nan ana yin sa ne a cikin gida, mace ita kaɗai ko cikin 'yan uwanta mata. Wadda ba ta sauraren kayan kiɗa za ta iya yi da tafi, ko da mandiri, ko da ƙirga taku a baki, amfanin duk ɗaya ne. Ki sanar da maigida tun farko, ki gaya masa shawarar asibiti ce, ki kuma gaya masa lokacin da za ki riƙa yi.

Abin da za ki tanada

Fili. Taku huɗu gaba, taku huɗu gefe ya isa mutum ɗaya. Daɓen ƙasa mai laushi da aka share aka yayyafa wa ruwa ya fi komai sauƙi ga gwiwa. Siminti yana mayar wa ƙafa da duk nauyin da ta sauke masa, tayil kuma yana santsi da zarar gumi ko ruwa ya ɗiga. Kada ki shimfiɗa tabarmar roba a kan siminti ko tayil da sunan laushi, zamewa take yi. Ki kawar da murhu, bokiti, turmi da igiyar shanya.

Takalmi. Kambas mai rufe ƙafa da igiyar ɗauri, ko na gwanjo ne, muddin tafinsa bai cinye gefe ɗaya ba. Silifas shi ne kan gaba wajen kayar da mata. A kan daɓe mai laushi mace mai lafiyar ƙafa za ta iya yi ba takalmi, amma mai ciwon sukari ko kusa kada ta yi, zan faɗi dalili a gaba.

Tufafi. Riga mara nauyi ta auduga da wando mai saki, ko zani da aka ɗaure ya tsaya ƙasan gwiwa kaɗan da wando a ciki. Rigar nono mai riƙe ƙirji sosai, domin rashinta na sa mata da yawa daina motsa hannu ko su daina rawar ɗungurungum ba tare da sun faɗi dalili ba.

Ruwan sha a kusa. Agogo mai hannun daƙiƙa, ko na waya. Kujera mai ƙwari ko bango da za ki dafa. Ɗan littafi da biro.

Kiɗa. Waya da katin waƙoƙi sun wadatar. Idan kuna da yawa, ƙwarya a kife a kan ruwa cikin baho da 'yan sanduna biyu ta fi waya, domin mai kiɗan tana ganin fuskokinku, za ta sassauta idan ta ga an fara haki.

Mataki na 1: A auna ki kafin ki ɗaga ƙafa

Ki je asibitin da ya fi kusa da ke a auna hawan jininki, in da hali a duba sukari. Hawan jini ba ya sallama, mace na iya yawo da shi shekaru tana cewa ita lafiyarta ƙalau. Daga 140 bisa 90 zuwa sama ana kiransa hawan jini, kuma mai shi tana iya rawa idan tana shan magani. Amma idan awo ya kai 180 bisa 110 kina zaune, ki ajiye maganar rawa sai an sauko da shi, saboda jini na ƙara hawa a lokacin motsa jiki.

Akwai waɗanda sai likita ya ba su izini da bakinsa: mai ciwon ƙirji idan ta yi aiki, mai haki idan ta kwanta sai ta tara matasai, mai kumburin ƙafa, wadda ta taɓa suma ko shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon ƙoda, da mai sikila. Idan ƙaramin asibiti ya tura ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu don a duba zuciya, ki je, kada ki ce sai an sayar da riɗi.

Mai jego ina so ta tsaya a nan ta karanta da kyau. A arewacin Najeriya ana yawan samun wani ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Alamunsa haki, tari da dare, kumburin ƙafa da fuska, da gajiya mai yawa. Sau da yawa a gida sai a ce jego ne, ko a ce ƙiba ce ta zo, har a ba ta shawarar ta motsa jiki ta rage. Wannan shawara na iya kashe ta. Mai waɗannan alamu asibiti za ta, a ranar.

Mataki na 2: Zaɓi lokaci da kiɗa

A watannin Maris zuwa Mayu zafi a yankinmu na haura digiri 40, saboda haka lokacin rawa bayan sallar Asuba ne kafin rana ta ɗaga, ko bayan Magariba. A hunturu kuma akasin haka: ki bari rana ta ɗan fito, ki yayyafa wa ƙasa ruwa, kuma ranar da hazo ya rufe gari ki koma cikin ɗaki ko rumfa, musamman mai asma, wadda dole abin shaƙarta ya kasance a kusa. Kada ki yi rawa a kan cikin tuwo, ki bari awa biyu su wuce.

Zaɓen kiɗa shi ne inda aka fi faɗuwa. Ki saka waƙar, ki taka daidai da bugunta a wuri ɗaya, ki ƙirga takunki cikin daƙiƙa 15. Idan kin sami 25 zuwa 30, wato taku 100 zuwa 120 a minti, wannan shi ne daidai mai farawa, kusan saurin mai tafiya da hanzari. Idan ya wuce haka sosai, ki ajiye waƙar sai nan gaba, ko ki riƙa taka bugu ɗaya kina tsallake ɗaya. Ki jera waƙoƙinki tun kafin ki fara: mai sanyi a farko, masu matsakaicin sauri a tsakiya, mai sanyi a ƙarshe. Tsayawa laluben waya a tsakiyar rawa na sa zuciya ta huce, aikin ya katse.

Ba sai kin nemo kiɗan wata ƙasa ba. A Amurka wani likitan sojan sama, Kenneth Cooper, ya fitar da littafinsa Aerobics a 1968, bayansa da kaɗan Jacki Sorensen ta haɗa wannan ilimi da rawa, daga baya kuma Zumba ta fito daga Kolombiya ta hannun Beto Pérez ta cika duniya. Sorensen da Pérez kiɗan da mutanensu suka saba ji suka ɗauka suka tsara masa lokaci. Mu ma muna da namu. Kiɗan ƙwarya na amada irin na marigayiya Barmani Choge yana da bugu mai tsayawa daram wanda ƙafa ba ta ɓata a cikinsa, kuma dama don mata aka yi shi. Akwai kalangu, akwai shantu, akwai tafin gaɗa. Ƙasarmu ma ta daɗe da kiɗa: a Birnin Kudu, wajen duwatsun da ke da zanen shanu na mutanen da, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai duwatsu masu amo idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a shekarun 1950. Rawar Koroso ta Kano dai a bar wa 'yan wasa, tsallenta da lanƙwasarta na waɗanda suka yi shekaru suna horo ne.

Mataki na 3: Ɗumama jiki, minti 5 zuwa 10

Ki fara da tafiya a wuri ɗaya a hankali, hannuwa na lilo. Ki juya kafaɗu gaba da baya, ki juya ƙugu a hankali, ki dafa bango ki juya idon sawu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki ƙara faɗin taku kaɗan-kaɗan har ki ji jiki ya yi ɗumi.

Mai babur ba ya tayar da shi da sanyin hunturu ya murɗa wuta nan take, sai ya bar inji ya ɗan yi zafi. Lokacin da kike zaune, jini kaɗan ne ke zuwa naman ƙafafu. Ɗumamawa ce ke buɗe hanyoyin jinin, ta sa zuciya ta hau a hankali, gaɓoɓi su saki. Wadda ta tsallake wannan mataki ita ce ke jin zuciyarta na dukan uku-uku a minti biyun farko, ko ta ji tsoka ta ɗaure a sha-raɓa. Kada kuma ki fara da miƙe jijiyoyi da ƙarfi jiki na sanyi, wannan na ƙarshe ne.

Mataki na 4: Ƙafa tukuna, hannu daga baya

Taku iri huɗu sun ishe ki wata guda. Na farko takun gefe: dama ta fita, hagu ta same ta, hagu ta fita, dama ta same ta. Na biyu taku biyu gaba, biyu baya. Na uku ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, iya inda ba ya ciwo. Na huɗu taɓa ƙasa da dunduniya a gaba, ki dawo. Ki yi kowanne sau takwas ki sauya, ki yi ta zagayawa. Sai ƙafa ta riƙe bugun kiɗan da kanta sannan ki sa hannu: tafi a gaba, tafi a sama, ko motsin lugude ba taɓarya, hannu biyu su tashi su sauka tare da ɗan rusunawar gwiwa. Ɗaga hannu sama da kafaɗa na ƙara wa zuciya aiki nan da nan, saboda haka shi ne makunnin da za ki riƙa ƙara wuta ko ragewa da shi.

Yawancin raunin da nake gani a gwiwa yake, kuma hanyoyinsa uku ne. Akwai ƙame gwiwa ta miƙe sanƙarau, alhali ya kamata ta kasance a ɗan sake kullum don ta shanye nauyi. Akwai juyi a kan ƙafar da ke kafe a ƙasa: jiki ya juya, tafin ƙafa bai juya ba, sai gwiwa ta murɗe a tsakani. Idan za ki juya, ki ɗaga ƙafar ki taka juyin da ƙananan taku. Sai kuma durƙuso mai zurfi irin na nuna gwaninta a biki. Ki tsaya a rabin hanya, gwiwa tana kallon inda yatsun ƙafa ke kallo, kada ta faɗa ciki. Idan za ki sunkuya irin na rawar manoma, ki lanƙwasa daga ƙugu, baya a miƙe.

A watannin farko ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa koyaushe, wato babu tsalle. Bayan kare gwiwa, akwai wani dalilin da mata ke jin nauyin faɗa. Wadda ta haihu da yawa takan ji fitsari ya ɗigo idan ta yi tsalle ko tari ko dariya, saboda naman da ke riƙe mafitsara ya saki. Wannan ba abin kunya ba ne kuma yana gyaruwa. Ki yi fitsari kafin ki fara, ki bar tsalle, kuma kullum ki riƙa matse naman nan kamar mai riƙe fitsari na 'yan daƙiƙu kina saki, sau goma, safe da rana da dare. In bai ragu ba bayan 'yan watanni, ki gaya wa ungozomar asibiti. Abin da ba na so shi ne ki daina shan ruwa saboda wannan.

Faɗawa baya irin ta gaɗa, inda ƙawaye ke cafe mutum, a bar wa 'yan mata. Tafin da waƙar dai namu ne duka.

Mataki na 5: Riƙe matsakaicin ƙarfi

Nan ne zuciyar aikin take. Naman jiki idan yana aiki mai ɗorewa yana buƙatar iskar da jini ke ɗauko masa daga huhu. Zuciya sai ta ƙara bugu don ta kai masa. Idan ana maimaita haka mako bayan mako, zuciya na ƙara ƙarfi har bugu ɗaya ya riƙa tura jini fiye da da, hanyoyin jini su ƙara saki, naman jiki kuma ya ƙara iya janye sukari daga jini. Amma idan kin zarce har iskar ba ta isa, dole ki tsaya bayan minti biyu, kin gaji ba ki sami ribar ba. Idan kuma rangaji kawai kike yi, zuciya ba ta san ana yi ba.

Ma'auni mafi sauƙi bakinki ne. Idan kina iya rera waƙar gaba ɗaya kina rawa ba tare da numfashi ya yanke ba, ki ƙara. Idan kina iya magana da ta kusa da ke, jimla cikakkiya, amma rera waƙa ta gagara, kin samu daidai, ki tsaya a nan. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita sai kin ja numfashi, kin wuce, ki sauke hannuwa ki rage faɗin taku. Shi ya sa a rukuni nake so a riƙa amshi gajere: mai ba da waƙa tana zaune da ƙwarya, masu rawa na amsawa da kalma kaɗan, duk wadda amshinta ya ɗauke an san ta kai iyaka.

Mai son lissafi za ta iya ƙirga bugun jini. Ki ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ki ƙirga na daƙiƙa 15, ki ninka sau huɗu. Ki cire shekarunki daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugun zuciyarki a minti, matsakaicin aiki kuma kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari ne na wannan. Mai shekara 40 iyakarta 180, don haka tana neman 90 zuwa 126 a minti, wato kusan 23 zuwa 31 a daƙiƙa 15. Ƙiyasi ne, ba ya zama daidai ga kowa. Kuma mai shan maganin hawan jini irin atenolol ko propranolol kada ta bi wannan lissafi, domin aikin maganin shi ne hana zuciya sauri. Idan ta dage sai ta kai adadin za ta wahalar da kanta. Ita ta tsaya ga ma'aunin magana.

Gumi ba ma'auni ba ne. Na sha ganin mace ta ɗaura leda a ciki ko ta saka rigar sanyi a watan Afrilu wai kitse ya narke. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, da ta sha ruwa nauyin ya dawo, a tsakani kuma ta jefa kanta cikin haɗarin jiri da suma da wahalar ƙoda. Ki sha ruwa kofi ɗaya kafin ki fara, ki riƙa kurɓa a tsakani, ki ƙara bayan kin gama. Fitsari mai duhu alama ce ruwan bai isa ba.

Ki tsaya nan take, ki zauna, a nemi abin hawa zuwa asibiti idan kin ji nauyi ko matsi a ƙirji, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri mai duhunta ido, bugun zuciya mai tsalle-tsalle, hakin da bai lafa ba bayan hutu, ko wani ɓari na jiki ya yi nauyi ko baki ya karkace. Kada a tsaya shafa mai ko jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Mataki na 6: Hucewa

Kada ki tsaya cak ki zube a tabarma. Lokacin rawa naman ƙafafu ne ke taimakawa wajen mayar da jini sama, idan suka tsaya farat ɗaya jini na taruwa a ƙasa, kai ya rasa, sai jiri. Masu shan maganin hawan jini sun fi kowa fuskantar wannan. Ki yi minti biyar kina rage sauri har numfashi ya dawo daidai. Sannan ki dafa bango ki miƙe sha-raɓa, cinya da kafaɗu, kowanne daƙiƙa 20 zuwa 30, ba fizga, ba riƙe numfashi.

Mataki na 7: Ƙari a hankali, da rubutawa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, kuma ta ce kaɗan ya fi babu. Minti 150 shi ne minti 30 sau biyar. Can za ki, amma ba daga can za ki fara ba. Mako biyun farko ki yi minti 10 na rawa tsakanin ɗumamawa da hucewa, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Daga nan ki riƙa ƙara minti biyar duk mako ko mako biyu. Ki fara ƙara tsawon lokaci, sannan yawan kwanaki, sauri shi ne na ƙarshe. Zuciya da huhu na saurin sabawa fiye da gwiwa da jijiyoyi, shi ya sa a mako na uku mace ke jin ƙarfi ta ninka aikin, rauni ya biyo baya. Ranar da aiki ya yi yawa, ki raba: 15 da safe, 15 da yamma.

Tsamin jiki kwana ɗaya zuwa uku bayan farawa ba ciwo ba ne, yana wucewa, tafiya a hankali ma na rage shi. Ciwo mai suka a cikin gaɓa ko kumburi shi ne ke cewa a huta a duba. Ki guji zuwa kemis kina haɗiyar diclofenac ko ibuprofen don ki samu ki ci gaba, waɗannan magunguna na iya ɗaga hawan jini, su ci ciki, su taɓa ƙoda.

A littafinki ki rubuta rana, minti nawa, da yadda kika ji, da awon jini duk ranar da aka yi. Sikeli na iya yin watanni bai motsa sosai ba, musamman in abinci bai sauya ba, mata da yawa kuma a nan suke karaya. Ki duba wasu alamun: barci, hawa tudu ba haki, bugun jini da safe kafin ki tashi, da awon asibiti. Ga mai hawan jini, motsa jiki mai ɗorewa kan sauke lambar sama da kimanin maki 5 zuwa 8. Wannan riba ce babba, amma ba ta ba ki izinin ajiye magani ba. Ki kai wa likita littafin, shi zai rage in ya ga dama.

Ƙarfafa tsokar nan ta kwana biyu ba ta buƙatar komai: zama da tashi daga kujera sau goma ba dafawa, tura bango da hannu biyu, ɗaga galan mai ruwa rabi. Ga iyayenmu da suka haura 65, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don rage faɗuwa, kuma takun gefe a hankali da hannu a kan kujera yana cikin irinsa. Idan Hajiya ba ta iya tsayuwa, ta zauna a kujera ta taka da ƙafa ta yi tafi, a sa ta a tsakiyar da'ira.

Masu sukari, masu ciki, da watan azumi

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide sukarinta na iya faɗuwa lokacin rawa ko sa'o'i bayanta. Kada ta yi da yunwa. Ta ajiye sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu ko dabino uku a kusa, in ta ji karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani ko ruɗewa, ta tsaya ta sha nan take, kuma abokan rawarta su san da haka tun farko. Ciwon kan kashe jin ƙafa, ƙaya ko tsakuwa ta shiga ba ta sani ba har ya zama gyambo. Don haka takalmi da safa dole ne, ta zazzage takalmin kafin ta saka, ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu bayan ta gama.

Mai ciki mai lafiya ana so ta motsa jiki, amma ta fara tambaya a wajen awo. Ba tsalle, ba juyi mai sauri, ba rawa cikin zafi. Jini, zubar ruwa, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko ciwon kai mai tsanani, duk na tsayawa ne a tafi asibiti. Bayan haihuwa ta fara da tafiya a tsakar gida, rawa sai an yi arba'in an duba ta, wadda aka yi wa tiyata kuma sai likita ya ce.

Da azumi ki mayar da rawar bayan buɗa-baki da awa ɗaya zuwa biyu, ko bayan Asham, ki rage tsawonta. Da rana ba ki da ruwan da za ki mayar da wanda ya fita.

Maza ma duk matakan nan nasu ne. Manomi a damina, mai huɗa da noma da fartanya, ya riga ya cika ma'auninsa har ya wuce. Wanda nake ji wa shi ne ɗan kasuwa mai wuni a rumfa da direba da ma'aikacin ofis, da manomin kansa idan rani ya yi an koma zaman majalisa. Kiɗan gangar noma a waya da ƙofar ɗaki a rufe sun ishe shi.

Idan zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ya kwantar da ke, kada ki yi rawa da zazzaɓi a jiki, ko da kin ji dama-dama bayan allura. Ki gama magani, ki ga ci da ƙarfi sun dawo, sannan ki koma da rabin mintocin da kika tsaya a kai. Haka ma bayan tafiya ko biki ko rasuwa da ta ɗauke ki fiye da mako biyu: rabi a makon farko, kashi uku cikin huɗu a na biyu, a na uku ki koma inda littafinki ya nuna.